Baƙar Laima da Gadar da Aka Manta

Tun da safe Liao Ching-ho ya san ranar nan ba za ta wuce lami lafiya ba. Ba mafarki ya yi ba. Matarsa Su-chin ce ta ja shi bayan kicin, hannunta duk warin tafarnuwa, ta ce masa ƙasa-ƙasa, "Jar jakar Pei-shan ba ta ɗakinta."

"To sai me? Ƙila ta ara wa ƙawarta."

"Har da rigunanta da takalmanta ta ara? Na ga makullin akwatin ajiya na tashar jirgi a aljihun wandonta. An ba yaron nan Wen-tai da take so aikin koyarwa can garin Taitung, jirgin yamma zai bi. Idan uwarka ta buɗe baki yau a wajen cin abinci ta ce ta ba Ta-wei aurenta, to ka sani 'yarka ba za ta kwana a gidan nan ba."

Ching-ho ba shi da wata 'ya sai Pei-shan. Ita kaɗai gare shi.

"Yanzu me kike so in yi?"

"Oho maka. Uwarka ce, 'yarka ce. Ni dai kaza nake dafawa."

Ching-ho bai taɓa ce wa uwarsa a'a ba. Shekarunsa hamsin da 'yan kai, yana gyaran babura a Ruifang, kuma idan mai babur ya ɗaga masa murya shi ke ba da haƙuri ko da shi ne da gaskiya. Uwarsa kuwa, wadda kowa a gidan ke kira A-ma, wato kaka, tun da aka haifi Pei-shan, har shi kansa, ba ta taɓa faɗin magana ta janye ba.

Ranar kuma ba ta wasa ba ce. Ranar ce za su je ɗauko mahaifinsa.

Yana ƙaramin yaro ruwan kogi ya fasa cikin ramin kwal. Shugaban ma'aikata, wani mai suna Yu, ya ce a rufe ƙofar ƙarfe ta ramin ƙasa, kada ruwan ya cinye sauran mutane. Aka rufe. Mahaifin Ching-ho yana bayan ƙofar, kuma ba a taɓa fito da gawarsa ba. Wasu suka ce Yu ya ceci rayuka da yawa. Wasu suka ce da ya ɗan jira. A-ma ba ta shiga musun ba. Tsayawa ta yi a bakin gidanta ta rantse cewa jinin Yu ba zai tsallake dokin ƙofar nan ba muddin tana numfashi.

Wen-tai jikan Yu ne.

Shekara arba'in da ɗoriya A-ma tana kai wa mijinta abinci bakin ramin. Bana sai aka gyara tsohuwar hanyar taragun kwal da ke bin gefen kogi, aka mai da ita ta masu yawon ƙafa, har da benci da fitilu. Ranar da ta tarar da wasu samari suna ɗaukar hoto a bakin ramin suna cin nama a tsinke, ta dawo gida tana huci.

"Mijina ba abin kallo ba ne. A kira kurwarsa, a kawo shi gida."

Shi ya sa da hantsi suna tsaye a bakin ramin da aka toshe da siminti, malamin bauta yana kaɗa ƙararrawa. Da ya gama, ya danƙa wa Ching-ho allon da ke ɗauke da sunan mahaifinsa, da ɗan kaskon turaren tsinke.

"Kurwarsa ta shiga allon. Ka saurara da kyau, A-ho. Kada turaren ya mutu. Kada sama ta gan shi, laima na kansa har ya shiga ɗaki. Kuma duk gadar da za ku haye, ka kira shi da bakinka. Matacce ba ya haye ruwa sai jininsa ya kira shi. Ni gwiwata ba za ta iya hanyar nan ba, zan zagaya ta titi in jira ku a gida. Da ma dai mota kuka shiga."

"Ta nan ya tafi da ƙafarsa, ta nan zai dawo," in ji A-ma.

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta karɓe wayoyinsu ta zuba a jakarta. "Yau ba mai latse-latse." Sannan ta ɗauki baƙar laima, ta wuce jikarta kamar ba ta gan ta ba, ta miƙa wa Ta-wei.

Ba wanda bai gane ba. Ba a ba baƙo laimar matacce.

Ta-wei ɗan mai babban shagon dunƙulen gwaza ne a tsohon titi. Ba mugun yaro ba ne, sai dai surutu. Ya zo da sabon takalmin fata mai ƙyalli.

"A-ma, laimar nan da kaina na zaɓo ta. Ko guguwa ba ta karya ta."

"Kin ji yaron kirki," in ji A-ma, tana harara gefe.

"Da takalmin tafiya ka zaɓo wa kanka," in ji Pei-shan ba tare da ta kalle shi ba.

Suka kama hanya, kogi na hannun hagunsu, kore shar, yana kumfa tsakanin duwatsu. Gada ta farko babba ce, ta ƙarfe, wadda taragu ke bi a da. Ching-ho ya tsaya, ya gyara murya.

"A-pa, ga gada! Biyo mu mu haye!"

Muryarsa ta karye a tsakiya. Tun yana yaro bai ƙara kiran sunan nan, wato Baba, da ƙarfi ba. Pei-shan ta ɗan taɓa masa gwiwar hannu, ya ji kamar ya fashe da kuka. Ya daure.

Suka ratsa tsohon garin ma'aikata. Dogayen ɗakunan nan masu rufin kwano suna nan a jere, amma an yi musu fenti, an rataya fitilun takarda. A-ma ta nuna ƙofa ta uku da sandarta.

"Tsoho, ka ga ɗakinmu? Nan na haifi A-ho. Yanzu shayi mai ƙanƙara suke sayarwa. Ka ga gidan wanka, inda kuke shiga baƙi wuluk ku fito mutane? Kyanwowi ne ke kwana a ciki."

A nan ne Ching-ho ya waiwaya don ya kare turaren daga iska. Can baya, cikin wasu masu yawon ƙafa da sandunansu, ga wani dogon saurayi mai baƙar rigar ruwa. Ba ya matsowa, ba ya kuma bari su ɓace masa.

Wen-tai.

Ching-ho ya yi sauri ya juyo. Idan A-ma ta waiwaya, shi ke nan. Sai ya riƙa jefa mata tambayoyi marasa kan gado don idonta ya tsaya a gaba, wane ne ke zaune a ɗakin can, wace shekara aka rushe dogon bututun hayaƙi.

Suna gab da kangon gidan wanke kwal, inda ciyayi suka fito ta tagogi, A-ma ta gaji da shi.

"Yi min shiru, A-ho. Pei-shan, zo nan. Da mun isa an zaunar da kakanki, mahaifin Ta-wei zai zo. Zan faɗa wa mutane a gaban kakanki. Ki wanke fuskarki, ki daina wannan cin maganin."

Pei-shan ta ja ta tsaya. "A-ma, na faɗa miki ba sau ɗaya ba. Ta-wei ma ya sani. Ko ba ka sani ba?"

Ta-wei ya kalli takalminsa. "Ni dai laima aka ce in riƙe."

"Ba shi nake so ba, A-ma!"

"So? Ni an tambaye ni so? Aka kawo ni, na zauna, na kuma so shi har yau."

"To ai kin ga kin so shi! Ni me ya sa za ki hana ni?"

"Saboda wanda kike so, kakansa ne ya rufe wa wannan ƙofa!" Ta nuna allon da sanda. "Ki dube shi ki faɗa masa! Ki ce, A-kong, kakana, zan haifa wa gidan Yu 'ya'ya!"

Hawaye suka zubo wa Pei-shan. "Ba a ma haifi Wen-tai ba a lokacin. Mahaifinsa ma yaro ne. Har yaushe za mu yi ta biya? A-pa, ka yi magana mana! Kai ne ubana, ko kuwa?"

Dukansu suka zuba masa ido.

Ching-ho ya gyara riƙon allon. Ya dubi uwarsa, ya dubi 'yarsa, ya saci kallon baya. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Mu tafi, hadari na haɗuwa."

Suka ci gaba, A-ma na faɗa, Pei-shan na sheshsheƙa, Ta-wei ya yi tuntuɓe da wani dakalin siminti ya ce wayyo ƙafarsa. Ching-ho bai san inda yake jefa ƙafa ba. Jirgin yamma kawai yake gani a idonsa, da jar jaka.

A gadar lilo ya tsaya ya yi kira kamar yadda aka ce. Suka haye tana lilo da su. A ɗaya gefen akwai ɗan ɗakin bauta na Mai Ƙasa, abin bautar da ke tsaron yankin, a gindin wata tsohuwar bishiya. A-ma ta zauna tana haki. Yayyafi ya fara.

Ta ciro katakon da ake tambayar matattu da su daga jakarta, 'yan biyun nan masu siffar jinjirin wata, ta zagaya su a hayaƙin turare.

"Tsoho, ka gaji? Kana tare da mu dai?"

Ta sake su. Suka faɗi duka biyu a kife.

A'a.

Ta ɗaure fuska ta sake jefawa. A kife. Ta sake. A kife.

Ta ɗago a hankali ta dubi ɗanta.

"A-ho. Ina ka bar ubanka?"

* * *

"Na kira, A-ma! Kin ji ni, a ta ƙarfe na kira, a ta lilo na kira!"

"Ba wata a tsakani?"

"Babu..."

Ta-wei ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta. "Sai dai ɗan dakalin nan da na buge ƙafa, kusa da kango. Amma ai wannan ba gada ba ce, ko taku uku bai kai ba."

"Ruwa na bi ta ƙarƙashinsa?"

"Wani ɗan rafi ne..."

"To gada ce, sakarai!" A-ma ta dafe ƙirji. "Wayyo ni! Shekara arba'in yana jira a zo a ɗauke shi, an fito da shi an yar a hanya cikin ruwan sama! Bai san hanya ba, duk an canja gari. Idan ya ɓace, ina zan same shi?"

Ching-ho bai taɓa ganin uwarsa tana kuka ba, ko ranar da aka rufe ramin.

"Zan koma yanzu. Ta-wei, taso."

Ta-wei ya yunƙura, sai ya koma ya zauna. Ya cire takalmin, dugadugansa duk sun saɓule, safa ta jiƙe da jini. Kafin wani ya yi magana Pei-shan ta fizge laimar.

"Zauna da A-ma. A-pa, mu je."

Suka sake haye gadar lilo, ruwa ya soma sauka da ƙarfi. Ching-ho ya rungume kaskon a ƙirji, ya kunna sabon tsinke daga na da. Suka ɗan yi nisa. Sai shi ya fara.

"Mamanki ta ga makullin."

Laimar ta ɗan karkace.

"Da gaske tafiya za ki yi? Ko sallama babu?"

"Idan na yi maka sallama za ka ce in zauna, ni kuma ba zan iya ce maka a'a ba." Kuka ya ci ƙarfinta. "A-pa, ba na so in tafi. Ka ɗauka daɗi nake ji? Wa zai riƙa tuna maka da maganin hawan jini? Wa zai raka A-ma asibiti? Amma idan ta faɗa a gaban mutane, a gaban A-kong, an gama. Ba za ta janye ba, kai kuma ba za ka ce komai ba. Ba ka taɓa cewa komai ba."

"Ba ki san abin da ta sha ba. Ita ta riƙa tura taragun kwal bayan rasuwarsa, don in ci in yi makaranta. Makarantar ma ban yi nisa ba. Ta yaya zan dube ta in ce..."

"Na sani. Ni ma ina sonta. Amma A-pa, kai fa? Kai kana ƙin Wen-tai?"

Ching-ho ya gyara riƙon kaskon.

"Ya taɓa kawo min baburinsa," ya ce. "Baburin lafiyarsa ƙalau. Ya ce wai in duba birki. Ya zauna yana miƙo min sifana kamar yaron shago."

Ta yi dariya cikin hawaye. "Sau huɗu ya zagaya layin kafin ya iya shiga."

Suka sha kwanar kangon. Pei-shan ta ja numfashi ta tsaya cak.

Masu yawo duk sun gudu neman mafaka. Mutum ɗaya ne a hanyar. Yana tsaye a bakin ɗan dakalin, ta can gefen da suka baro ba a yi kira ba, daga shi sai farar singileti da ta manne masa a jiki. Ya ɗaga hannayensa biyu gaba, ya shimfiɗa baƙar rigarsa kamar rumfa. Ba kowa a ƙarƙashin rigar. Ruwa na dukan kansa, hannayensa na karkarwa, amma bai sauke ba.

Ching-ho ya gane shi nan take.

"A-peh," in ji Wen-tai, yadda ake kiran dattijo, haƙoransa na haɗuwa. "Ka yi haƙuri. Na san bai kamata in biyo ku ba. Na ga kun haye ba ka kira ba. Na buga wayar Pei-shan, ba ta shiga."

"Me ya hana ka biyo mu da gudu ka faɗa mana?"

"In bar shi shi kaɗai?" Ya girgiza kai. "Wani daga gidanmu ya taɓa barinsa shi kaɗai cikin ruwa. Ban so in zama na biyu."

Pei-shan ta toshe baki da hannu.

"Ban kira shi ba, A-peh, na san ba hurumina ba ne. Na dai ce masa ya ɗan jira, ɗansa zai dawo. Na faɗa masa sunana. Na ce idan ba ya son tsayuwata ya ba ni alama in matsa. Ban ga komai ba, sai na tsaya."

Ching-ho ya haye dakalin, ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti, ya sa allon a ƙarƙashin rigar.

"A-pa, ni ne A-ho. Na yi shirme. Ga gada, ƙarama ce. Biyo ni mu haye."

Hayaƙin turaren ya miƙe sama tsaye, duk da iskar da ake yi. Ching-ho ya saki wata ajiyar zuciya da ta daɗe a ƙirjinsa.

Ya miƙe. Pei-shan ta matso da laima, amma ita gajeriya ce, iska kuma sai fizgar laimar take yi, ga gadar lilo a gaba. Wen-tai ya sauke hannayensa da ƙyar, ya ja da baya, ya sunkuyar da kai zai juya.

Ching-ho ya dubi laimar. Ya san abin da take nufi. Ya san wadda ke zaune a ɗaya gefen kogi.

Wannan karon maganar ta fito.

"Pei-shan, ba shi laimar."

* * *

Tun suna tsakiyar gadar lilo A-ma ta hango su. Ta miƙe tsaye ba tare da sanda ba.

Ching-ho ya kira ubansa da ƙarfi, ya ci gaba da tafiya.

"Wane ne wannan a kan mijina?" in ji ta da suka iso. Muryarta ba ta tashi ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan.

"Wen-tai ne, A-ma. Ni na ba shi."

"Kai ka ba shi."

"Ni na manta da A-pa a hanya. Shi ya tsaya da shi cikin ruwa, ya cire rigarsa ya rufe shi, tun da muka wuce har muka koma. Dubi hannunsa." Hawaye suka haɗu da ruwan da ke fuskarsa. "A-ma, ban taɓa roƙonki komai ba. Ramin nan ya ɗauke min uba. Idan kika yi maganar nan yau, zai ɗauke min 'ya. Ba zan iya ba. Ki dake ni idan kina so, amma ba zan iya ba."

A-ma ta juya ga mai riƙe da laimar.

"A-ma," in ji Ta-wei daga inda yake zaune da ƙafa a sama, "gaskiya ni da ni ne, da na shiga kango na fake."

"Wa ya tambaye ka?"

Ta daɗe tana kallon Wen-tai, tun daga kai har ƙafa. Shi kuwa idonsa na ƙasa, hannunsa bai gusa daga kan allon ba.

"Hancin kakanka gare ka," ta ce. Sannan ta juya, ta zagaya katakon a hayaƙi. "Tsoho, ka iso?"

Ɗaya a kife, ɗaya a buɗe. E.

Kafaɗunta suka sauka. Ta share ido da bayan hannu. "Ka san wanda ke riƙe maka laima?"

Ɗaya a kife, ɗaya a buɗe.

Pei-shan ta damƙe hannun mahaifinta har ya ji zafi.

A-ma ta tsince katakon, ta kai su bakinta, ta yi raɗa mai tsawo wadda ba wanda ya ji. Ta sake su. Suka yi tsalle a kan dutse, suka juya, suka kwanta duka biyu a buɗe.

Dariya. Ba e ba, ba a'a ba.

"Kai dai ba ka canja ba," in ji A-ma, tana yi wa allon tsaki. "Shekara arba'in a cikin ruwa, har yanzu idan an tambaye ka magana sai ka washe baki." Ta zuba katakon a jaka. "Ku wuce mu tafi, kafin sanyi ya kashe masu ran."

Sauran hanyar ba tsawo. Pei-shan ta riƙe A-ma, Ta-wei na ɗingishi a baya da takalma a hannu, yana tambayar Wen-tai ko a Taitung ana cin dunƙulen gwaza. Ching-ho ya kira ubansa a kan kowace kwalbati, har da wadda ba ruwa a ƙarƙashinta.

A ƙofar gida malamin bauta yana jira, Su-chin na bayansa da ludayi a hannu. Da ta ga mai riƙe da laima, sai ludayin ya faɗi.

Wen-tai ya tsaya cak a gaban dokin ƙofa. Duk unguwar ta san rantsuwar. Ya miƙa hannu iya tsawonsa, amma Ching-ho bai motsa ba, don taku ɗaya zai fitar da allon daga inuwa, ga tsakar gida a buɗe kafin a kai ɗaki.

"Me kuke jira?" in ji malamin. "Na ce laima na kansa har ya shiga ɗaki. Kuma ba a canja hannu a bakin ƙofa."

Kowa ya juya ga A-ma.

Ta dubi dokin ƙofar. Ta dubi allon.

"Ka kurmance ne?" ta ce wa Wen-tai. "Mijina zai tsaya a waje saboda kai? Shiga da ita. Amma ka ji da kyau, laimar ce ta shiga, ba kai ba."

"To, A-ma."

"Ban haifi ubanka ba, kada ka ce min A-ma."

Ya tsallake.

Da aka zaunar da allon a kan teburin kakanni, aka jera kaza da kifi da shinkafa, A-ma ta tura Ta-wei gida a tasi da saƙo ga mahaifinsa. Yau ranar mijinta ce, ba ta maganar aure ba. Ta ce wa Su-chin ta dafa shayin citta, "ki ba wancan mai riƙon laimar, kada ya mutu a gidana a ce ramuwa na yi." Ta shiga ɗaki ta fito da wata tsohuwar rigar Ching-ho ta jefa a kan kujera ba tare da ta ce ta wane ne ba.

Ching-ho ya fita baya ya zauna a kan bokitin da aka kife. Sai a lokacin ya lura duk jikinsa ciwo yake yi. Can ƙasa, ta gefen kogi, jirgin yamma ya yi kuka, ya ratsa gadar ƙarfe, ya shige cikin dutse. Ya bi shi da ido har fitilarsa ta baya ta ɓace.

Ta tagar kicin yana jin muryar 'yarsa tana musu da uwarta a kan gishiri.

Pei-shan ta fito ta ajiye masa kofin shayi. A gefen kofin ta ajiye ɗan makulli.

"Gobe ka ɗauko min jakar a babur," ta ce. "Ta yi min nauyi."

Ya riƙe makullin a tafin hannunsa, ya yi ta gyaɗa kai.

Wen-tai zai bi jirgin safe shi kaɗai, don aiki ba ya jira. Mahaifin Ta-wei ya aiko cewa zai zo da kansa ranar Lahadi ya ji dalili. A-ma kuwa tana zaune gaban teburin kakanni tana ba mijinta labarin unguwa, wa ya mutu, wa ya yi kuɗi, wa ya koma birni. Ba ta ce ta yarda ba, ba ta kuma sake cewa ba ta yarda ba. Abin da ta raɗa wa katakon a gindin bishiya, da abin da za ta faɗa ranar Lahadi, Ching-ho bai sani ba.